Ƙofar da Zayyanu Bai Huda Ba

Zayyanu mutumin Bodinga ne, mai zanen gini, kuma maƙwabcina tun muna yara. Ba shi da yawan magana, amma ka ba shi fensir da takarda sai ka ga bakinsa ya buɗe. Yawancin aikinsa shaguna ne da ɗakunan haya, har nakan tsokane shi cewa ya ƙware a zanen akurki.

Aikin da ya fi sa rai da shi ya zo ne daga wani ƙauye a bayan Kajiji, inda ƙanwarsa Daso take aure. Aka ce ya mai da tsohon siton taki ɗakin haihuwa, da sharaɗin kada a taɓa bango ko ɗaya, don ginin ya tsufa. Ƙofar siton ɗaya ce tal, ƙatuwa, tana kallon inuwar da dattawan garin suke zama tun safe har la'asar.

Zayyanu ya roƙi a bar shi ya huda wata ƙofar ta baya.

"Ranka shi daɗe, mata ba su ratsa maza da ciki," in ji shi ga mai ba da aikin.

Mutumin ya ce, "Mi ad damuwarka? In ka taɓa bangon ga, rufin na zuba. Ƙohwa dai ƙohwa ta."

Zayyanu ya yi iya yinsa. Ya raba cikin siton da kyau, ya samar wa ungozoma ɗakinta, ya ja ɗan gajeren shinge a gaban ƙofar. Ranar buɗewa kowa ya yaba, ni ma na tafa kamar wani sakarai.

Da naƙuda ta kama Daso, cikinta na fari, aka ɗauko ta a babur da rana tsaka. Ta hango surukinta a cikin dattawan nan, ta ce wallahi ba za ta sauka ba, a mai da ta gida. A gida ta haihu, ita ta tashi da ƙyar. Jaririn bai zo da rai ba.

Har yau abin yana ci mini rai, don bayan haka ba a daɗe ba aka huda ƙofar baya, kuma rufin bai motsa ba. Aka aiko wa Zayyanu ya je ya duba aikin. Ya ce su kira wani.