Trifon Cikon Bakwai

A takarda, Trifon Gerchev mai walda ne a kamfanin tumatirin gwangwani na garinmu, nan bakin kogin Danub. A zahiri kuwa bai taɓa riƙe ƙarfen walda ba. Haka ake yi a zamanin gurguzu: a sa sunan ɗan ƙwallo cikin ma'aikata, ya ci albashi, aikinsa kawai ya zura mana ƙwallo ranar Lahadi. Kuma yana zurawa. Ni Zahari ni ne golan ƙungiyar, na san irin baƙin cikin da yake ɗura wa takwarorina. Ba shi da gudu, ba shi da salo, amma da ƙwallo ta faɗo gaban raga sai ka ga ƙafarsa a wurin.

Da gwamnati ta faɗi, kamfani ya rufe, gwiwarsa ta dama ma ta bi sahun kamfani. Sana'a babu, sai ya zama koci. Shekara da shekaru yana horar da yaran gari, duk wanda ya goge kuma, da ya kai sha takwas sai ya hau bas ya tafi Sifen tsinkar lemo ko Jamus aikin gini. Ba na ganin laifinsu, amma raina yana ɓaci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kakar wasa ta ƙarshe, sau biyu muka kasa fita wasa don rashin mutane. Hukumar yanki ta ce in aka yi na uku, an soke ƙungiyar. Doka kuwa ita ce sai da mutum bakwai a fili. Ko ana tsakiyar wasa suka ragu, alƙali zai tashi wasan, a lissafa mana shi a na ukun.

Ranar Lahadin mutum shida suka zo. Ni shanyewar ɓarin jiki ta riga ta gama da ni. Trifon kuwa, don taurin kai, bai taɓa cire sunansa daga cikin 'yan wasa ba, ga shi yana dab da sittin. Ya ɗauko riga mai lamba tara ya cusa tumbinsa ciki.

Matarsa Nedyalka ta tare shi a ƙofar fili da kwanon ruwa, ta watsa a gabansa ya taka, yadda muke yi wa mai fita neman sa'a.

"Ruwan sa'a na zuba maka, tsoho, ba na hauka ba," in ji ta.

Kancho, kyaftin ɗinmu mai tuƙa motar burodi, ya riƙe kafaɗarsa. "Kawu Trifon, don girman Allah ka tsaya kamar turke. Ko ƙwallo ta gaishe ka, kada ka amsa."

"Kai, ni za ka koya wa tsayuwa? Tun ubanka yana fitsarin kwance nake tsaye gaban raga."

Ya kuwa tsaya. Baƙin da suka zo karawa da mu suka yi ta zuba mana ƙwallaye, babu wanda ya damu, mu dai a kai ƙarshe. Wani ɗan bayansu yana ta tsokanarsa: "Kaka, a kawo kujera ne?" Trifon ya haɗiye. Ban taɓa ganin ya haɗiye magana ba sai ranar.

Wasa ya kusa tashi, golansu ya yi sakaci, ƙwallo ta kuɓuce masa ta gangaro gefen Trifon. Na ga kafaɗarsa ta sunkuya.

"Trifon, bar ta!"

Ina! Mai hali ba ya fasa halinsa. Ya zabura, ya kafa ƙafar dama, ya doka da hagu. Ƙwallo ta shige raga, ƙafar da ya kafa kuma ta karye ƙas, har daga benci na ji.

Alƙali ya zo ya duƙa, ya kau da kai.

"Ku bar ni a kwance," in ji Trifon, yana cizon haƙori. "Ai ina cikin fili. Ƙirga mana, ɗana, bakwai ne."

"Kawu, ƙashi ya huda fata. Ba zan bar ka ka mutu a nan ba."

Ya busa usur, wasa ya tashi, ƙungiya ta tashi tare da shi. Ƙwallon ma ba a lissafa ta ba.

A motar burodi muka kwashe shi zuwa asibiti, Kancho yana tuƙi yana share hawaye da gwiwar hannu. Haushin Trifon ya cika ni, tausayinsa kuma ya hana ni zaginsa.

"Zahari, ta shiga ko?"

"Ta shiga."

Ya yi murmushi. Sai da muka hau gada murmushin ya gushe. Ya ce, "Da saura minti nawa a tashi?"

Kancho ya ƙara ba mota wuta.