Akwatin da Ya Iya Magana

Iya, mahaifiyarmu, a kan keken ɗinki ta tsufa. Da shi ta raine mu, ni da Yaya, bayan rasuwar Baba, kuma a wancan lokacin ko allura ce ta faɗi a ɗaki sai ta gaya maka inda ta gangara. Da idonta ya daina ganin kafar allura ta rufe keken, ta koma gidan Yaya. Jin daɗin da ya rage mata shi ne kujerarta ta falo bayan an ci abinci, ana kallon fim, jikoki zube a ƙafafunta.

Sai Yaya ya sayo kayan sauti, akwatuna biyar da wani ƙato mai gurnani. In mota ta fashe a fim har kofuna sai sun yi rawa, amma da mutane sun fara magana sai ka rantse bakinsu cikin bargo yake. Mu 'yan boko sai mu kunna rubutun ƙasan allo mu karanta. Iya ba ta karatu.

"Me ya ce?" haka za ta yi ta tambaya. "Ita kuma me ta ce masa?"

Yara suka fara tsaki. Yaya ya yanke hukunci cewa kunnen Iya ya tafi, za a sa mata ƙaramar talabijin a ɗakinta ta ƙure ƙara yadda take so. A ganinsa gata ya yi mata. Ni kam abin ya ƙona min rai, don kora ce cikin ladabi.

"Kunnena ƙalau yake," in ji Iya. "Ƙusƙus ɗin da kuke yi a kaina a kicin duk ina ji. Akwatunanka ne ba su iya magana ba. Kuma ba inda za ni."

Washegari na je gaishe ta, na tarar ta kunna fim tana bin bango da sanda, tana kara kunne a jikin akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na ruwan sama ne," ta ce min. "Wancan na kiɗa. Ƙaton nan kuwa, banda gurnani ba abin da ya iya."

Mai maganar ne ta rasa. Sai da ta durƙusa, da ciwon gwiwarta da komai, sannan ta gano shi kwance can ƙasan kabad ɗin talabijin. An tura shi ciki an rufe da ƙofar gilashi, wai kada ya ɓata ado.

"Kin gani? Sun kulle bawan Allah a ɗaki, sannan wai ni ce kurma."

Ta sa na ciro shi, muka ɗora a bakin kabad daidai ƙarƙashin allon. Ta koma kujerarta ta saurara, ta ce da gwiwoyinta yake magana. Ta naɗe ƙyalle ta cusa ƙarƙashin gabansa har ya ɗaga kai ya fuskance ta. Ƙaton kuwa ta murɗe masa maɓalli sai da ya shiga taitayinsa. Muryoyi suka fito tas.

Yaya ya yarda an fi ji. Amma ranar da ya yi baƙi sai ya mayar da akwatin ciki ya rufe, ya kuma sake tayar da zancen ƙaramar talabijin. Iya ta bari ya tafi aiki, ta fito da akwatin, ta ɗauko wuƙa a kicin, ta kwance ƙofar gilashin da tsininta.

Da ya dawo ya tarar da kabad baki buɗe, Iya na kan kujerarta, yara kewaye da ita.

"Iya, ina ƙofar?"

"Tana ƙarƙashin gadona. In ka isa, shiga ɗakin uwarka ka ɗauko." Ko kallonsa ba ta yi ba. "Yanzu matsa, ka tare min."