Olsar Yayana

Shekarar da yayana ya kwanta a asibiti a Kontagora, ni na yi jinyarsa, domin cikin 'yan'uwa ni kaɗai ne ban iya ƙirƙiro uzuri ba. Manomin doya ne a Mashegu, mutum mai baki, amma ciwon ciki ya tsotse shi.

Kullum da safe likita zai zo da ɗalibansa su kewaye gadon, su ɗaga masa riga, su latsa cikin, su yi ta Turanci a kansa kamar dillalai sun samu bijimi a kasuwa. Shi kuwa bijimin ba a tambayarsa.

Rana ta shida likitan ya ja ni bayan ƙofa. Ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, babu aikin da za a yi. Ya ce, "Amma kada ka gaya masa, Baba, hankalinsa zai tashi. Ka ce olsa ce."

Hantar tasa ce, amma ni aka ba labarinta in riƙe.

Na gaya wa matarsa, ta gaya wa ƙanwarta, kafin Juma'a duk dangi sun sani. Mai ciwon kaɗai aka bari a duhu. Mutane suka fara zuwa a kan babura, da kaji, da kwanukan tuwo. Kowa ya tsaya gefen gado ya ce, "Ai olsa ba komai ba ce," sannan ya fita baranda ya share hawaye. Har maƙwabcinsa na gona, wanda suka shekara goma ba sa gaisawa saboda iyaka, sai ga shi ya zo neman gafara.

Da mutumin ya tafi, yayana ya yafito ni.

"Zo nan. Na taɓa yin olsa, ko kare bai leƙo ni ba. Wannan wace iri ce mai kawo kaji?"

Na ce, "Haka likita ya ce, Yaya."

"Ba likita na tambaya ba, kai na tambaya. Lokacin shuka ya zo. In sa a ajiye mini irin doyata, ko in raba wa yara gonar?"

Na ce, "Raba musu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Miƙo mini takalmina."

Likita ya ce ba a sallame shi ba, sai dai ya dangwala yatsa a takarda cewa da ganin damarsa ya tafi. Ya dangwala. A kwana goma sha biyu da muka yi a wurin, wannan ne karo na farko da aka nemi yardarsa.

Sati biyar ya yi a gida. Ya sa aka kai shi gona a babur, ya nuna wa kowane ɗa iyakarsa. Masu dubiya kuwa, duk wanda ya ga idonsa ya kawo ruwa, sai ya ce masa, "Kwantar da hankalinka. Olsa ce."