Injiniya Mai Kashe Hotuna

Shekara goma sha tara ke nan Injiniya yana buɗe shagonsa na intanet da ƙarfe bakwai na safe. Kwamfuta huɗu ce a ciki, duk sun kwana biyu, sabis ɗin unguwar kuwa sai a hankali. Kafin kowa ya shigo yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya share tarkacen da burauza, manhajar shiga intanet, ta tara jiya, ya rufe shafukan da aka bari a buɗe, ya cire ƙananan manhajojin da masu ƙaiƙayin hannu suka liƙa mata. Ba injiniya ba ne, mu muka laƙaba masa. Dokarsa ɗaya ce: in shafi yana lodi, kar a taɓa. "Kana sake dannawa, daga farko zai faro," in ji shi.

Ranar da wata motar haya ta faɗa kogi muka san darajarsa. An raba fasinjojin zuwa asibitoci uku, aka sa sunayensu a intanet, aka ce gawar da ba a zo ɗauka ba kafin la'asar za a binne ta a can. Wata tsohuwa mai wankau ta shigo da ƙaninta, ɗanta yana cikin motar. Shafin cike yake da hotuna, ya ƙi buɗewa, ƙanin kuwa sai dannawa yake yi.

"Malam, ɗaga hannunka," in ji Injiniya. Ya shiga saiti, ya kashe hotuna gaba ɗaya. Ba a yi minti ɗaya ba rubutu ya sauko.

"Ɗan nan, ban iya karatu ba," in ji tsohuwar. "Yana ciki?"

Injiniya ya riga ya ga sunan da ta faɗa masa a jerin waɗanda suka rasu. Ya ji kamar ya ce mata shafin bai buɗe ba.

"Inna, sai haƙuri. Yana asibitin gaban gada. Ku tashi yanzu."

Ta isa kafin la'asar, ta dawo da ɗanta gida aka yi masa sutura.

Injiniya, kai ne ka daure ka faɗa mata gaskiya lokacin da kowa ya sunkuyar da kai. Yanzu ido ya raunana, ƙarshen wata za ka rufe shago, kuma wallahi muna jin zafin abin. Mun gode, Allah ya saka maka. Masu sana'a irin taka, ku ɗauki halinsa.

Sai daga baya muka ga abin da ke cikin hotunan da ka kashe ranar: gawarwakin fasinjojin ne. Tsohuwar har yau ba ta gan su ba.