Ƙarfen da Ba a Lallasa Ba

Mahaifinmu, wanda makanikan layinmu ke kira Mai Guduma, ya yi shekara arba'in yana gasa ƙarfe, kuma ban taɓa jin ya ba wani mahaluƙi haƙuri ba. Yakan gasa ƙarfe sai ya yi jawur, ya tsoma shi cikin baƙin mai ya yi tauri. Sai ya mayar da shi kan wuta a hankali har ya ɗauki launin zuma, don kada taurin ya zama irin na gilashi. Wannan mataki shi Baba ke kira lallashi. Aikin ƙarshe nawa ne, ni autarsa. Nakan rataye ƙarfen cikin bahon shuɗin ruwa, in jona waya da batir, tagulla ta lulluɓe shi don kada tsatsa ta ci shi.

Ƙarfe kaɗai Baba ya iya lallasawa. Mutum kuwa, da hannu yake fara yi masa magana. Ya taɓa zubar wa wani direba haƙora biyu don ya ce masa ya yi sauri. Wanda ya fi kowa shan hannun nan shi ne Yaya, ɗansa namiji tilo. Ga shi da gemu, ga mata da 'ya'ya biyu, amma mari bai daina sauka a kuncinsa ba. Kullum gabana na faɗuwa kada wata rana ya ajiye awartaki ya tafi, don na san in ya tafi shi ke nan.

Wata Laraba aka kawo fil goma sha biyu, irin masu riƙe bodin tirela. Yaya ya zaro ɗaya daga wuta kafin ya gama nuna.

"Kai! Wannan ne ja a gidan ubanka?" in ji Baba.

"Baba, ai nan ne gidan uban nawa," Yaya ya ce.

Direbobin da ke wurin suka kwashe da dariya. Baba ya fizge awartakin da ya fito daga wuta ya kafta masa a dantse. Na ji ƙaurin nama. Fatar ta biyo ƙarfen, Yaya ya durƙusa yana cije leɓe, Baba ya ƙara masa da ƙafa a haƙarƙari ya fice.

Yaya ya miƙe. Ya ɗaure hannun da tsumma, ya gama tsoma fil ɗin a mai, ya wanke su, ya zube a gabana.

"Yaya, ka lallashe su?"

"Rufe su da tagulla kawai, Auta."

Na ga babu launin zuma a jikinsu, amma raina a ɓace yake, na rataye su. Suka fito jajaye suna ƙyalli. In tagulla ta hau, ko Baba ba ya iya bambance wanda aka lallasa da wanda ba a lallasa ba.

Al'adar Baba ce kafin kaya su fita ya ɗora ɗaya a kan maƙera ya gwada shi da guduma. Washegari da safe ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga hannu iya ƙarfinsa. Na buɗe baki, tsoronsa ya hana ni magana. Fil ɗin ya tarwatse. Wani ɓaraguzi ya tsaga masa kunci, wani ya shige idonsa na dama. Ya faɗi cikin tokar gawayi yana shure-shure, jini na bin yatsunsa, yana ihun da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Har yau ban yafe wa kaina ba.

A asibiti aka cire idon, aka naɗe masa fuska duka. Kwana na uku Yaya ya shigo ya tsaya a bakin gado.

"Kai ne?" in ji Baba, murya a dishe. "Matso nan."

Yaya ya matso. Baba ya ɗaga hannu, Yaya ya kauce da sauri ya kare fuskarsa, yadda ya saba tun yana yaro. Sai ya juya ya fita, kuma bai sake taka layinmu ba.

Ni ce na ga tafin hannun a buɗe yake, yana lalube a iska.

"Auta," Baba ya ce, "ina dantsen nasa? So nake in ji ko ya fara warkewa."