Jarkar Dada Daga Badagry

Mun tashi da asuba daga Kumbiya-Kumbiya a Gombe, mu huɗu da direba, kowa da abin da zai kai shi Badagry. Abokaina hoto za su je yi. Ni aike aka ba ni. Mahaifiyata, Dada, wadda idanunta suka tafi shekara uku ke nan, ta danƙa mini jarka ƙarama ta ce in ɗebo mata ruwan teku. Mahaifinta, Baffa, ya taɓa kora shanu Ikko, wato Legas, a ƙasa, ya dawo yana cewa ya ga ruwan da ba shi da tsallake, kuma gishiri ne zalla. Mutanen ruga suka yi ta masa dariya har ya rasu.

Kwana biyu muka yi a hanya. Mun sha sanyi a Jos, mun ci kifi a Lokoja da tsadar da ta sa na tsotse ƙayar sau biyu. Cunkoson Legas kuwa, wanda ya ce Tashan Dukku ta Gombe tana da hayaniya ya je ya nemi gafara.

Badagry gari ne tsoho mai natsuwa, kwakwa ko'ina, arha kamar rake a wurinmu. An nuna mana sarƙoƙin da aka ɗaure bayi da su. Na ɗaga ɗaya, na ji nauyinta, na ajiye. Daga nan muka tsallaka ruwa a kwale-kwale, ina karanto duk addu'ar da na sani, muka taka yashi har gaɓar teku. Na tsaya na nemi tsallaken ban gani ba. Na ɗanɗana, na tofar, sai hawaye. Na cika jarka.

A hanyar dawowa, bayan Akwanga, mota ta yi zafi. Na zaga bayan gari na dawo, sai ga direba ya kifa jarkar Dada a bakin lagireto.

"Malam, ruwan teku ne!" na daka masa tsawa.

Ya riƙe kai. "Gishiri a injina? Wane mai hankali ke yawo da teku a but ɗin mota?"

Abin da ya rage bai cika kofin shayi ba. A cinyata ya ƙarasa Gombe, ban yarda na ajiye ba ko wurin salla sai a gabana.

Tafiyar ta koya mini kada in yi saurin ƙaryata mutum don ya ga abin da ban gani ba. Na kuma ƙudura baɗi, in Allah ya yarda, da Dada za a koma, ko ba ta gani ba ta ji rurin ruwan.

Da na shiga gida na fara ba ta haƙuri, ta ce in kawo haka. Ta tsoma yatsa ta kai baki. Sannan ta ce, "Kira mini Goggonka a waya. Ita ta fi kowa yi wa Baffa dariya."