Sunaye Dubu a Barandar Maƙwabciya

Lokacin kullen korona muna zaune a wani dogon bene a Danau Kota, wata unguwa can ƙasar waje inda karatu ya kai mu, ni da maigida da 'yarmu ta fari mai shekara biyar. Maigida ya shige ɗaki da kwamfutarsa yana fama da digiri, sai yunwa ke fito da shi. Barandarmu da ta maƙwabciya wani gajeren bango ne kawai ya raba su.

Maƙwabciyar tsohuwa ce Ba'indiya, mabiyar addinin Hindu, ita kaɗai a gidanta. Kowace safiya sai ta kunna 'yar fitilar mai da turare a gaban hoton wata mace mai jan zane, ta kaɗa ƙararrawa, ta tanƙwashe ƙafa, ta lumshe ido, ta kama rera wasu kalmomi da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ta taɓa gaya mini ta saman bango cewa sunayen Uwar da suke bauta wa take jerowa, har guda dubu, kuma in ta kai ƙarshe sai ta ji zuciyarta ta kwanta. Na ce a raina, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ban ji tsoron addininta ba, don yarinyar tana bi na salla, tana biya karatunta. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yarinyar da kulle ya mayar sarkin rigima, da ta ji ƙararrawar nan sai ta ja kujera ta zauna jikin bango, tsit, har a gama. Tsohuwar kuwa tana buɗe ido sai ta kira sunanta, ta ja shi da wannan muryar tata, yarinya ta yi ta washe baki kamar gonar auduga.

Ni ban taɓa kiran sunan nan ba. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata ta ci, ta ina zan fara? "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Haka uwata ta yi wa yayana, bai kuma rage shi da komai ba, don gidanmu a Kano cike yake da kakanni da gwaggonni masu goyo da kirari. A nan kuwa daga ni sai bango.

Kishi na ji, ba zan ɓoye ba. Ni ke mata wanka, ni ke fama da kanta wajen kitso, sannan wata ta kwashe dariyar a sama da jan suna kawai. Na rufe ƙofar baranda na ce sauro ne. Na koma soya wainar fulawa daidai lokacin ƙararrawa. Yarinyar ta karɓi wainar, ta je ta manna kunne a gilashin ƙofar tana ci. Da na kai ƙara wajen maigida, dariya ya yi, ya ce in bar tsohuwa ta rage mana hayaniya.

Wata rana ina taje wa yarinyar kai, sai ta ɗauko zancen tsohuwar, wadda take kira Anti, ta ce, "Umma, Anti ta san sunan mamanta har dubu. Ke kin manta nawa ne?"

Na ce ta daina motsi.

Washegari na bar ƙofar a buɗe. Aka kaɗa ƙararrawa, yarinyar ta ja kujerarta. Na tsaya a bakin kicin ina juya sunan a bakina, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, kamar surukata na tsaye a bayana. Can dai na runtse ido na kira shi. Ya fito a shaƙe, amma ya fito.

Yarinyar ta ɗago kai, ta miƙe a kan kujera, ta leƙa ta saman bango.

"Na'am, Anti?"

Ni na koya mata wannan na'am ɗin. Tsohuwar ko motsi ba ta yi ba, idonta a rufe, ba ta kai rabin sunayenta ba. Ni kuwa ina nan bayan yarinyar, da ludayi a hannu.